Iyakar Gonar Gwaggo Lami

Kwamfutar Malam Mahadi ba ta da wata cuta da ta wuce nawa. Idan ya kunna ta, sai ya tashi ya yi alwala, ya leƙa awaki, ya dawo ya same ta tana ƙugi tana juya ɗan zobenta kamar ba ita ake jira ba. Shekara shida suna tare a haka bai taɓa jin haushinta ba. Abin da ya sa ya fara hararar ta shi ne zaman da Maigari ya sa ranar Asabar.

Mutanen Tungar Marke, wani ƙauye can bayan Nahuce, shekara huɗu ke nan da ɓarayin daji suka tashe su. Yawancinsu a Bungudu suka raɓe, har da Mahadi, wanda ya samu aji a wata firamare, da matarsa Ummi, da ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Lami, mai riƙon jikoki uku marayu. Bana, da abubuwa suka ɗan lafa aka koma duba gonaki, sai aka tarar ƙasa ta manta da masu ita. Gambar da ke raba gona da gona wuta ta cinye, itatuwan alama masu gawayi sun sare har kututturen sun tone, shanu sun baje kunyoyi. Kowa ya tsaya yana nuna wuri da yatsa, yatsun kuma ba su haɗu ba.

Rigimar da ta fi zafi ta Gwaggo ce. Maƙwabcinta ya sayar da tasa gonar ga Alhaji Shehu, wani ɗan kasuwar hatsi na Gusau, takardar cinikin kuwa cewa kawai ta yi “har iyakar Lami”. To ina iyakar Lami? Alhaji ya ce bakin tudu aka nuna masa. Gwaggo ta ce har ƙasan kwari ne, inda damshi ke kwana, inda take samun shinkafa da masarar da ke kai su wata shekara. Tudun kuwa tsakuwa ce zalla, ko gero sai ya ga dama. In kwarin ya tafi, tuwon yaran nan uku ya tafi.

Mutum ɗaya ya san iyakar kowa, shi ne mahaifin Mahadi, Sarkin Noma Muhammad Sani, shi kuwa shekara biyu ke nan yana kwance a maƙabartar Bungudu. Sai dai tsohon ya hango abin da yara ba su hango ba. A ranin ƙarshe kafin a watse, ya sa Mahadi ya bi shi da waya kwana goma sha ɗaya yana ɗaukarsa, gona bayan gona. Bai dogara da itace ko ciyawa ba. Daga bakin tsohuwar rijiya da wani faffaɗan dutse yake fara ƙidaya taki, yana faɗin lamba da ƙarfi, ya tsaya ya buga sanda ya ce nan wane ya ƙare, nan wane ya fara. Kullum da yamma Mahadi ya juye hotunan a kwamfuta don wayar ta samu wuri. Wayar ta daɗe da mutuwa.

“Ka riƙe da kai, Mahadi,” in ji tsohon wata rana a bakin rijiyar. “Wagga aba wuta taka ci. Ran da ba wuta, ba magana.”

Mahadi ya yi dariya irin ta ɗan boko, ya ce, “Baba, kai shina mantuwa, wagga ba ta mantuwa.”

Da labarin hotunan ya kai kunnen Maigari, sai ya ga mafita. Ya kira ɓangarorin biyu, kowa ya yarda. Alhaji Shehu ya ce, “Abin da Sarkin Noma yac ce shi na, ba ni ja da mamaci. Amma da bakinai, ba da bakin ɗanai ba, tunda Lami gwaggotai ta.” Ba wanda ya ga laifinsa.

A nan ne kunya ta shiga tsakani. Mahadi ya hango kansa a gaban dattawa, an tayar da janareto, kowa ya zuba ido, kwamfuta tana juya zobe minti goma, wani yana tari, wani yana cewa ko a je a dawo. Shi da ake kira Malam! Ranar Talata ya naɗe ta a sallaya ya hau motar Gusau.

Shagon Timothy yana Sabon Gari, ɗan ƙuƙut, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a rana. Iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo aikin gwamnati, shi kuwa a Gusau aka yanke masa cibiya, Hausarsa har ta fi ta wasu. Ya kara kunne a jikin kwamfutar ya ce, “Malam, faifan ajiyar ne ya tsufa, ka ji shi yana ƙas-ƙas? A sa maka sabo, irin wanda ake kira SSD. Ba ya juyi, ba ya ƙara. In kwafe maka tsohon a cikinsa, ka kunna kafin ka ce bisimilla ta tashi.”

Sabon faifan ɗan siriri ne kamar tsinken tsire, yana da nasa gurbin daban a cikin kwamfutar. Timothy ya maƙala shi kusa da tsohon, ya sa su kwafa. Awa biyu Mahadi yana zaune a kan benci yana kallon wani koren layi yana rarrafe. Da aka gama aka kunna, sai ga ta ta buɗe ido nan take. Mahadi ya tafa hannu ya ce a sake. Aka sake, ta sake tashi. Ya danna jakar da ya sa wa suna Iyaka, sai ga mahaifinsa da sandarsa yana gyaran murya.

Timothy ya kashe ta, ya kwance tsohon faifan don kada ya ci gaba da jan ƙafa, ya manna masa farar takarda ya rubuta MAHADI. Yana ɗaure noti na ƙarshe aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar ya daɗe da zama ado, janareton Timothy kuma ba mai.

“Ka ɗan jira a kawo, mu sake gwadawa,” in ji Timothy.

“Mi za a gwada? Ba da idona nig gani ba, har sau biyu?” La’asar ta gota, kuma ba mai son yamma ta same shi a hanya a wannan zamani. Timothy ya sa tsohon faifan a baƙar leda ya miƙa masa, ya ce ya ajiye shi da kyau.

To, duk mai babur a ƙasar nan ya san wannan ledar. In bakanike ya canza maka fulogi ko sarƙa, sai ya ba ka tsohon a hannu don ka shaida bai cuce ka ba, ya ce ka ajiye. Kai kuma ka ce to, ka je gida ka jefa a bokitin bayan ƙofa, ya zauna har ranar da ɗan gwangwan, mai karɓar tsohon ƙarfe ya ba da roba, zai wuce. Mahadi ya shekara goma da babur. Ya ce to, ya karɓa.

Laraba da hantsi Lukuman mai gwangwan ya turo kurarsa cikin lungu, robobi na reto a jiki. Ummi ta daɗe da ƙyalla ido a kan wani babban baho shuɗi. Ta fito da fasasshiyar tukunya, da bokitin bayan ƙofa, aka juye a buhu aka rataya a sikeli. Allura ta tsaya saura ƙiris.

“Uwar gida, bai kai ba,” in ji Lukuman. “Sai dai ƙarami.”

Mahadi ya fito zai tafi makaranta, ya ga fuskar matarsa ta faɗi. Ya tuna da ledar da ke kan taga. Ya ɗauko, ya ji ɗan nauyinta a tafinsa, ya jefa cikin buhun. Allura ta motsa. Ummi ta rungumi baho tana dariya, shi kuma ya hau babur yana jin kansa namijin duniya. Ba sata aka yi masa ba, ba yaro ne ya ɗauka ba. Da hannunsa ya jefa, har da murmushi.

Ba wuta a Bungudu ranar, don haka bayan azahar ya kai kwamfutar rumfar mai cajin waya, ya jona, yana son masu zaman wurin su ga abin mamaki. Ya danna. Fuskarta ta yi baƙi, sai layin Turanci guda a can sama, yana cewa ba ta sami inda za ta tashi ba. Ya kashe ya kunna. Ya cire waya ya hura ya mayar. Sau bakwai, layin nan bai ƙaru ba bai ragu ba. Masu zaman rumfar suka ga abin mamaki, amma ba wanda ya shirya musu ba.

Alhamis tun kafin Timothy ya gama share ƙofar shago Mahadi yana tsaye. Timothy ya kalli layin ya dafe goshi.

“Laifina ne, Malam. Faifai kamar gida yake, akwai ɗan zaure da kwamfuta ke bi ta shiga. Ɗakin na kwafe, zauren bai biyo ba. Shekaranjiya da ta tashi, ta zauren tsohon ta bi, tunda yana ciki. Da na cire shi sai ta rasa ƙofa. Kwantar da hankalinka, wannan ƙaramin aiki ne.”

Ya soka wani filas, ya yi ta rubuce-rubuce a baƙar fuska. Rabin awa bai cika ba kwamfuta ta tashi fes, da sauri kamar an tsikare ta. Mahadi ya sauke numfashin da ya riƙe tun jiya, har ƙwalla ta zo masa. Ga jakar Iyaka nan a inda take. Ya danna.

Wani ɗan akwati ya fito ya ce abin da ake nema ba ya nan.

Ya sake dannawa. Timothy ya janyo kwamfutar gabansa, ya duba nan ya duba can, sai hannunsa ya tsaya. Ya ce wannan da ke fuska alama ce kawai, mai nuna hanya. Tsohon faifan ɗaki biyu gare shi, hotunan suna na biyun. Ya ga ɗakin ranar Talata, sabon faifan bai kai girman da zai ɗauke shi ba, ya yi niyyar in sun gama gwaji ya ce a saya wa tsohon ɗan gida a riƙa jona shi ta waje. Wuta ta tafi, Malam yana sauri, maganar ta bi iska.

“Amma ba abin da ya ɓace,” in ji shi. “Kawo tsohon, minti goma ne.”

Mahadi ya zauna a kan bencin a hankali, yana kallon tafin hannunsa na dama.

“Malam? Na ce ka ajiye shi. Ka ajiye?”

“Na ba ’yan gwangwan,” in ji Mahadi, muryarsa kamar ta wani.

Garin neman gira an rasa ido, amma Timothy bai faɗa ba, don shi ma da hannunsa a ciki.

Sai bayan la’asar Mahadi ya gano Lukuman a bayan tashar Bungudu. Lukuman ya ce kayan Laraba ai tun safe motar dillalinsu Malam Sahabi ta kwashe, sun tafi Tsafe, can ake tarawa a cika babbar mota ta yi kudu. Mahadi ya dubi rana, ta yi ƙasa. Ba direban da zai kama hanyar Tsafe a wannan lokaci ko da an cika masa aljihu. Ya koma gida ya tarar Ummi tana wa yara wanka a shuɗin baho. Bai gaya mata ba, ya wuce ɗaki.

Juma’a da sassafe ya isa Gusau, ya tarar Timothy ya rufe shago yana jiransa a tasha da ’yar jakar kayan aiki. Bai roƙe shi ba, shi ya ga ya kamata. Suka shiga mota, aka yi ta tsayawa a shingayen jami’an tsaro, a hanya Timothy ya ce in dai ba a buɗe faifan ba, ko an jefar da shi a ƙasa akwai dabara.

Filin Malam Sahabi yana bayan garin Tsafe, tsibi-tsibi na ƙarfe sun fi tsayin mutum. Dattijo ne mai fara’a, ya saurare su har ƙarshe, ya ce Allah ya sa a dace. Sai dai ya ce shi ba ya loda kaya a cakuɗe, kowane iri da farashinsa: baƙin ƙarfe daban, alminiyam daban, jan ƙarfe daban. Irin waɗannan ’yan akwatunan na kwamfuta kuwa guduma ake sa musu, a cire maganaɗisu da koren allon, gangar jikin ta tafi cikin alminiyam.

“Yaushe aka fasa na jiya?” in ji Timothy.

“Jiya da marece munka gama.”

Duk da haka suka durƙusa a gindin tsibin suna tonawa. Rana ta take, hannuwansu suka yi baƙi, wani gwangwani ya yanki Mahadi a yatsa bai ji ba. Ana kiran farko na sallar Juma’a Timothy ya ɗago wani lanƙwasasshen murfi. Farar takardar tana manne, MAHADI, da rubutun hannunsa.

Cikin fa? Sahabi ya kai su wurin da ake fashin, gindin wani guntun dutse. Ya nuna ƙasa da ƙafa. Faifan cikin irin na gilashi ne, bugu ɗaya ya watse. Ga shi nan a cikin turɓaya yana ƙyalli kamar fasassun awarwaro, na Mahadi da na wasu duk a gauraye.

Mahadi ya dubi Timothy. Ya san amsar, amma ya dube shi.

“Ko wanda ya ƙera shi ba zai iya ba, Malam,” in ji Timothy. Idonsa ya yi ja. “Ka yafe mani.”

Mahadi ya shimfiɗa hankici ya tsince abin da ya iya tsincewa, ya ƙulle ya sa a aljihu. Shi kansa bai san amfanin haka ba. Baƙin cikin da ya ji ya fi na ranar jana’iza, don ranar Allah ne ya karɓa, yau kuwa shi ya bayar, a bakin baho.

Asabar aka taru a Tungar Marke. Zauren Maigari ba rufi, sai aka shimfiɗa tabarmi a bakin tsohuwar rijiya. Wani ya ɗauko janareto a kan babur tun daga Nahuce. Gwaggo Lami ta zauna gefe da jikokinta, ta yi wanka ta sa zanen fita, don yau za ta ji muryar yayanta. Mahadi ya miƙe ya faɗi abin da ya faru, bai rage ba, bai ɗora wa Timothy ba. Ya kwance hankicin ya ajiye a gaban Maigari.

Aka yi salati. Mai janareto ya saki igiyar da ya riƙe.

Alhaji Shehu ne ya fara magana, kuma abin da ya faɗa ba wanda ya zata. Ya ce, “Maigari, ni ba cin haƙƙin marayu niz zo yi ba. Na ce ba ni yarda da bakin ɗanai, to na janye. Wanda yaf faɗi gaskiya irin wagga a kan kainai ba shi yi min ƙarya. Malam ya bi ubanai kwana goma sha ɗaya. Shi dafa Alƙur’ani, shi taka daga nan kamar yadda tsoho yat taka. Inda duk yat tsaya, nan ta iyaka.”

Dattawa suka ce madalla, Allah ya yi wa dukiya albarka. Liman ya kawo Alƙur’ani. Gwaggo ta gyara zama, fuskarta ta washe.

Mahadi ya dafa, ya je ya tsaya a bakin rijiyar. Daga nan aka fara, wannan ya tabbata. Ya dubi gabas, fili ne fetal har inda ido ya tsaya, ba gamba, ba marke, ba komai. Taki nawa? Saba’in ne, ko ɗari da saba’in? Ko wannan lambar ta gonar wani ce? Daga rijiya aka miƙe, ko sai da aka je dutse aka karya kudu? Ya rufe ido ya nemi ranar. Ta zo masa sarai: ga jan ɗigon da ke nuna ana ɗauka, ga batir saura kashi goma sha biyu, ga shi yana kare fuskar waya da hula saboda hasken rana, yana kiyaye kada kan tsohon ya fita daga hoto. Bakin tsohon yana motsi. Abin da yake faɗa ne babu.

Kwarin yana can ƙasa, yana ganinsa. Taku kaɗan ne, ya je ya tsaya ya ce nan, ba mai musa masa. Amma tafinsa bai huce daga bangon Littafin ba, kuma bai sani ba. Wallahi bai sani ba.

“Tahi mana, ɗana,” in ji Gwaggo.

Bai motsa ba.

“Mahadi, taka.”

“Ban riƙe ba, Gwaggo.”

Maigari ya jira har jiran ya zama nauyi. Daga baya ya ce tunda ba murya ba shaida, sai a bi abin da ido ke gani da abin da aka nuna wa mai saye, bakin tudu. Alhaji Shehu ya sunkuyar da kai, bai yi murna ba, bai kuma ƙi ba. Aka shafa fatiha, mutane suka fara naɗe tabarmi.

Gwaggo Lami ta taso da ƙyar, ta zo har inda yake tsaye. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

“Kwana goma sha ɗaya kana bayanai,” ta ce. “Mi kaka kallo?”

“Waya, Gwaggo.”

Ta gyaɗa kai. Ta kira jikokin, ta ba babbarsu kwando, ta ce su zo a fara tsince tsakuwa kafin ruwa ya sauka. Suka haura tudun su huɗu, shi yana bakin rijiya da kwamfuta a hammata.